Inji ɗaya ba zai riƙe maka gida da gona ba

Akwai wata tambaya da ta zama ruwan dare a Kano tun da man fetur ya fi ƙarfin talaka, a majalisa ana yinta, a gaban shagon mai gyaran inji ana yinta: wai wane janareta mutum zai saya wanda zai riƙe masa gida in an ɗauke wuta, in rani ya kama kuma ya kinkime shi ya kai gona ya ja masa ruwa? Masu wannan tambayar yawanci ma'aikata ne da 'yan kasuwa, suna zaune a Hotoro ko Ɗorayi ko Rijiyar Zaki amma suna da ɗan fili a Kura ko Bunkure ko wajen Bagwai suna taɓa noman rani, ko kuma sun kewaye wani fegi a bayan gari sun zuba kaji. In ka shiga Sabon Gari da wannan tambayar amsa ɗaya za ka samu, Alhaji ɗauki babba kawai, mai tashi da ki, mai taya, ka huta gaba ɗaya. Ni kuma a ganina wannan shawarar ita ce hanya mafi sauƙi ta ƙona kuɗi a wannan zamanin, domin abin da gida yake buƙata daban, abin da gona take buƙata daban, kuma injin da aka ce zai yi duka biyun ƙarshenta a gida ya cika shan mai, a gona kuma ya kasa aikin da aka kai shi yi. Taura biyu ba ta taunuwa.

Da can wannan maganar ba ta da wani nauyi sosai. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da shugaban ƙasa Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, duk da dai mu a nan Kano mun saba sayenta sama da haka a hannun 'yan bumburutu. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. A Afrilun 2024 kuma aka zo da maganar Band A, wato rukunin masu samun wutar lantarki mafi yawa, aka ce su za su riƙa biyan naira 225 duk yunit da alƙawarin wutar awa 20 a rana, sauran jama'a kuma kowa ya san yadda ake ciki. Sai ga Oktoban 2024, babban layin wutar Shiroro zuwa Kaduna yana kwance saboda ɓarnar da aka yi masa, ɗayan layin da yake zagayowa ta Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, Arewa ta yi sama da mako guda a duhu, KEDCO mai rarraba wuta ba ta da abin da za ta raba wa Kano da Katsina da Jigawa tunda ba a aiko mata ba. To kaga yanzu inji ba kayan ado ba ne, kuma kuɗin da ka miƙa wa mai shago ranar farko shi ne ƙaramin kaso na abin da injin zai ci maka, babban kason yana gidan mai.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne janareta irin namu na gida dole ya riƙa juyawa sau 3,000 a minti kafin ya ba da wuta daidai da tamu ta nan ƙasar, ko ƙwai ɗaya ka kunna ko ka ɗora masa gida gaba ɗaya, gudun nan ba ya raguwa. Eh, in kaya sun yi masa yawa shan man yana ƙaruwa, amma akwai wani kaso da yake sha kawai don ya ci gaba da juya kansa, kuma iya girman inji iya girman wannan kason. Shi ya sa wanda ya tada inji mai 5kVA (kVA shi ne ma'aunin ƙarfin janareta) don fanka uku da talabijin yake ganin tanki yana sauka ya rasa dalili, ya riƙa zargin yara ko maigadi da satar mai, alhali ba wanda ya taɓa masa komai.

Mu ɗan yi lissafin gida irin na matsakaicin magidanci. Fanka uku, kowacce wajen wat 70, kenan 210. Ƙwayaye takwas irin na yanzu marasa jan wuta, wat 10 kowanne, 80. Talabijin da dikoda ka ba su 100, cajin wayoyi ka ba su 40. Firiza tana aiki da kamar 150 amma lokacin da kwamfiresa zai tashi yana fizgar ninki uku ko huɗu na ɗan daƙiƙa, a nan ne kake jin inji ya yi gurnani fanka ta ɗan lafa. Ka haɗa duka ba ka kai wat 600 ba, da fizgar firiza ka ce 1,100. Wannan aikin 2kVA na gaskiya zai yi shi yana dariya, 2.5kVA kuma har da rara. Abin da yake ɓata lissafi shi ne duk wani abu mai zafi, ayan guga shi kaɗai yana jan wat 1,000 ko fiye, hitar ruwa da ake tsomawa a bokiti ta fi haka, ketil da risho na lantarki haka, sai kuma esi. Kuma gaskiyar magana a farashin mai na yanzu wanda yake dafa ruwan wanka da janareta ba matsalar girman inji gare shi ba, matsalar lissafi ce. Ƙaramin inji in yana ɗauke da kaya daidai ƙarfinsa, lita ɗaya tana ba ka tsakanin yunit ɗaya da rabi zuwa biyu na wuta, in ka sayi litar a naira 900 kenan kana shan yunit a kan 450 zuwa 600, ninki biyu ko fiye na Band A ɗin da ake ta kuka da shi. Guga a jira NEPA ko a hura gawayi, ruwa a ɗora a gas.

Yanzu ka ƙaddara bambancin shan mai tsakanin ƙaramin da babban rabin lita ne kacal a awa, kuma kana tada inji awa huɗu duk dare, daga bayan magariba zuwa lokacin kwanciya. Awa 120 kenan a wata, lita 60 a banza, a naira 900 ya kama 54,000 duk wata. Wannan kuɗin fa ba wutar da ka sha ba ce, kuɗin girman da ba ka amfana da shi ba ne. Ka lissafa shi zuwa shekara ka gani ko ba zai saya maka injin ban ruwa sabo dal ba har da canji.

Mu koma gona, wadda ita ce ma aka fi yi wa mummunar fahimta. Manomin rani na asali, wanda ya tashi a Kadawa ko Garun Malam a bakin kanal ɗin da ke kawo ruwan madatsar Tiga, ko wanda yake fadama, ba za ka taɓa jin ya ce yana neman janareta ba, injin ban ruwa yake nema, inci biyu ko inci uku. Mu 'yan birni ne da muka shiga noma daga baya muke tunanin komai sai ya bi ta soket. Injin ban ruwa famfonsa a manne yake da injin, fetur ya ƙone ya juya famfo kai tsaye ruwa ya fito. In kuwa ka bi ta janareta, fetur zai juya inji, inji ya juya koyil a samu wuta, wuta ta bi doguwar waya ta je ta juya wata mota, sannan motar ta juya famfo, kuma a kowane mataki akwai ƙarfin da yake zubewa ya zama zafi, kafin ruwa ya fito kashi ɗaya cikin uku ko fiye ya tafi. Ga kuma bambancin yawan ruwan, mai inci uku in ruwa yana kusa yana iya turo wajen lita 1,000 a minti, sumo kuwa, wato famfon lantarkin da ake zurawa cikin bohol, mai ƙarfin doki ɗaya irin na gida, da ƙyar ya kai lita 100. Wanda ya taɓa tsayawa a kan fangalin tumatir ko albasa a watan Maris ya ga yadda ƙasa take shanye ruwa ya san wannan bambancin ba na wasa ba ne, kafin sumo ya jiƙa maka kadada ɗaya farkon da ka fara bai wa ruwa ya bushe.

Sai dai injin ban ruwa shi ma yana da iyakarsa, kuma ba ta da alaƙa da tsada ko kamfani. Duk famfon da yake zaune a sama yana zuƙo ruwa ba zai iya ɗago shi daga zurfin da ya wuce mita bakwai zuwa takwas ba, ko na Japan ne, haka Allah ya tsara nauyin iska. Shi ya sa kake ganin manoman fadama in rani ya yi nisa ruwa ya ja ƙasa suna haƙa rami su saukar da injin ciki don ya matsa kusa da ruwan. In gonarka a tudu take ruwa yana can mita 30 ko 40, to nan dole sai sumo, kuma a nan ne kawai maganar janareta take da muhalli. Ko a nan ɗin ma sai an yi hattara, doki ɗaya wat 746 ne a takarda amma abin da sumon yake ja daga inji ya fi 1,000, wajen tashi kuma ya ninka uku ko fiye, don haka mai doki ɗaya yana son 3kVA na gaskiya, mai doki ɗaya da rabi yana son wajen 5kVA. In ka ba shi ƙasa da haka zai tashi dai, amma wuta ba ta isarsa, yana zafi a can ƙasa inda ba ka gani, wata rana ka wayi gari ya ƙone, ga kuɗin masu zaro shi ga kuɗin sabo. Siririyar waya mai tsawo ita ma haka take kashe shi, mutum zai kashe miliyoyi a haƙa bohol sannan ya je ya yi ciniki a kan waya.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar wani ilimin lantarki, wato lokaci. Yaushe gona ta fi buƙatar ruwa? Daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da alkama take cika ido, tumatir yana 'ya'ya, shinkafar rani tana neman ruwa ba dare ba rana. Yaushe gida ya fi buƙatar inji? Daidai wannan lokacin, bazarar Kano da zafi yake haura digiri 40, wutar gari tana ƙara ƙaranci, yara ba sa iya barci, uwargida tana da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya a firiza waɗanda su ne jarinta, ga shi 'yan shekarun nan azumi ma a tsakankanin nan yake faɗowa. To injin yana ina a lokacin? In yana gona gida ya shiga uku, in yana gida shuka ta yi yaushi. Sai a fara jigila, abu mai nauyin kusan buhun masara a ɗora a Adaidaita Sahu ko bayan kurkura a bi titin Zariya da shi a sauka a shiga burji, kowane zuwa kuɗin mota, kowane zuwa wani noti ya kwance, tanki ya tsage, batir ya mutu. In ka gaji ka bar shi a can kuma sai ka ɗauki mai gadi, domin janareta mai ki a daji kaya ne da ɓarawo yake da kasuwarsa tun kafin ya ɗauka. Injin ban ruwa kuwa yaro ɗaya zai ɗora shi a bayan babur da yamma ya kai shi cikin ƙauye ya kwana a ɗaka.

Na san abin da wani zai ce, malam kai kana maganar inji biyu, mu ɗayan ma da ƙyar. Wannan magana ce mai ƙarfi ba zan raina ta ba. Amma dan Allah kafin ka yanke hukunci ka shiga France Road da ke Sabon Gari ka tambayi kuɗin 5kVA na kirki mai ki, sannan ka tambayi kuɗin 2kVA ko 2.5kVA mai igiya ka haɗa da na injin ban ruwa inci uku, a yawancin lokuta biyun nan a haɗe ba su fi ɗayan tsada ba, wani sa'in ma har ka samu ragowar kuɗin tiyo. Kuma ba dole ba ne a saye su rana ɗaya. In noman ne yake kawo kuɗi fara da na gona, gida a lallaɓa da fanka mai caji da ƙaramar sola ta ƙwai da waya, in an kwashe amfani a sayi na gida. A karkara ma an daɗe ana haya ko karo-karo, mutum uku masu maƙwabtakan gona su haɗa su sayi inji ɗaya kowa da ranarsa. Inda na yarda inji ɗaya zai yi shi ne in gidan da gonar a haraba ɗaya suke, misali mai kiwon kaji ko kifi a bayan gida a wajen Gezawa ko Kumbotso, shi kam ya sayi wanda zai iya tada sumonsa, ya cika tanki da safe a cikin awa ɗaya ya kashe. Ko shi ɗin ma in yana da injin ƙyanƙyasa da dumama 'yan tsaki da dare gara ya nemi sola da batir don su, domin barin babban inji yana kwana a kunne saboda ƙwayaye shida asara ce tsagwaronta.

To a ce ka yarda da ni ka tafi kasuwa, a nan wani yaƙin yake farawa, domin lambar da aka manna a jikin tanki da manyan haruffa ba ita ce ƙarfin injin ba. Wani lokacin sunan samfurin ne kawai, wani lokacin iyakar abin da zai iya ɗauka na 'yan daƙiƙoƙi ne, wani lokacin kuma ƙarya ce zalla da aka buga a sitika. Akwai ƙaramin allo a gefe da ake rubuta ƙarfinsa na aiki da ƙarfinsa na ƙurewa, na aikin shi ne naka. Sannan kVA ba kilowat ba ne, a injuna da dama sai ka cire kashi ɗaya cikin biyar kafin ka samu wat ɗin gaske. Hanya mafi sauƙi ta kama ƙarya ita ce ka kalli injin kansa ka bar kallon tanki. Yawancin ƙananan janareton da ke kasuwarmu an kwaikwayo su ne daga injin Honda GX160 da GX200, masu doki biyar da rabi zuwa shida da rabi, kuma irin wannan kan ba ya ba da wutar da ta wuce kilowat biyu zuwa biyu da ɗoriya, duk abin da aka rubuta. Kilowat biyar na gaskiya sai babban kai mai doki 13 irin na GX390. In ka ga ƙaramin kai a cikin ƙaton firem da tayoyi da rubutun 4.5kVA, ka gaisa da mai shago ka wuce gaba.

Sai maganar koyil. Kowa zai rantse maka kofa ce zalla, wato jan ƙarfe, amma akwai alminiyam da ake shafa wa ruwan jan ƙarfe, a ido ba ka bambancewa. Alminiyam ya fi saurin zafi, ya fi saurin ƙonewa, kuma a zafin Kano wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai kofa ya fi nauyi, in ka ɗaga biyu masu girma ɗaya za ka ji. Abin da ya fi dai ka tafi da bakaniken unguwarku ka biya shi kuɗin wuninsa, ya buɗe murfin baya ya duba, a tada injin a gabanka a ɗora masa ayan guga ko hita a ga ko mita za ta tsaya a wajen 220 ko za ta zube. Mai shagon da ya ce oga ba a zuba wa sabon inji mai sai an biya, to shi ya san abin da yake ɓoyewa. Kuma ka tambayi bakaniken wanne ne kayan gyaransa suke a ko'ina, kafireto, AVR mai daidaita wuta, fistin da ringi, igiya, domin inji mai kyau da babu kayansa a garin nan ranar da ya tsaya ya zama kujera. Ni a nan nake ganin gazawar hukuma ƙarara, muna da SON da aka kafa don ingancin kaya, amma magidanci zai tara albashin wata uku ya sayi lambar da ba ta wanzu ba kuma ba shi da inda zai kai ƙara. A 2015 hukumar Kwastam ta sanar da hana shigo da ƙaramin nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, wanda muke kira Tiga, yau shekara nawa kuma wane lungu ne babu shi? Hana shi ma ba shi ne mafita ba tunda mai aski da mai cajin waya da shi suke ci, abin da ake buƙata a tilasta wa masu shigo da kaya su rubuta gaskiya, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwar su hukunta mai canja sitika.

Wani abin da ya sa nake adawa da sayen babba ba gaira ba dalili shi ne ba kai kaɗai kake zaune da injinka ba. A cikin gari, Yakasai, Fagge, Gwammaja, Kurna, gidaje bango ɗaya suke, salansarka tana kallon tagar maƙwabci, shi da jaririnsa da tsohuwarsa mai asma suna shaƙa kai kana shan fanka. Addini ya ce ba cuta ba cutarwa, amma in aka zo kan janareta sai kowa ya manta. Hayaƙin nan kuma akwai wata guba a cikinsa da ba ta da wari ba ta da launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da kasala, in barci yake yi ba zai farka ba. Mun sha jin labarin iyali guda ko ango da amarya da aka wayi gari babu su, kuma kusan kullum labarin iri ɗaya ne, an shigo da inji soro ko kicin ko ƙarƙashin bene saboda tsoron ɓarawo ko ruwan sama, an rufe ƙofa. Masana suna cewa a nisanta shi da ƙofa da taga kamar mita shida a buɗaɗɗen wuri, na san gidaje da yawa a cikin birni tsakar gidan ma ba ta kai haka ba, to aƙalla a yi masa keji na ƙarfe a waje ko a saman rufi, a juya salansa inda ba kowa, kuma a kashe shi kafin a kwanta. Injin da aka mayar yana aiki da gas shi ma yana fitar da wannan gubar, kar wani ya ruɗe ka da cewa ba ya hayaƙi.

Haka nan masu haɗa inji da wayar gida ba tare da canjoba ba, wato makunnin da yake raba wutar gari da ta inji, su soka waya a soket kawai su ce ai mun cire fis. Ranar da aka manta ba a cire ba wutar injinka za ta koma layi ta bi tiransifoma ta ƙaru ta zama dubbai, ma'aikacin da ya hau falwaya yana gyara da tabbacin babu wuta shi za ta kama, in kuma aka kawo wuta tana haɗuwa da taka koyil ya tashi aiki. Canjoba ba ta kai kuɗin cika tanki biyu ba.

Mayar da inji gas da ya yi tashe bayan 2023 yana da amfaninsa, baƙin mai yana daɗewa bai yi datti ba, kafireto ba ya toshewa, ba ruwanka da gurɓataccen man bakin titi, amma ƙarfin inji yana ɗan raguwa kuma gas ɗin ma ba tsayawa farashinsa ya yi ba, don haka ka lissafa da farashin ranar kafin ka biya, kuma tukunyar ta yi nesa da zafin salansa. A gona kuwa in da hali ni sola nake gani gaba, musamman ga mai sumo, domin lokacin da shuka ta fi ƙishi shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi, ba batir ake buƙata ba, rana ta fito ruwa ya fito a tara a tanki ko kududdufi. Hazon hunturu yana rage mata ƙarfi, ƙura tana son a riƙa gogewa, ɓarayin fanel suna nan, kuɗin farko kuma yana da nauyi. A nan ne ya kamata gwamnatin jiha da hukumarta ta bunƙasa noma, KNARDA, su sa hannu, maimakon rabon injinan fetur a taron siyasa ga mutanen da rabinsu a bakin ƙofa za su sayar, a ba ƙungiyoyin manoma famfon sola bashi su biya bayan girbi a cikin shekara biyu ko uku, kuma a koya wa matasan ƙauyukan gyaransa don kar ya lalace a jira wani daga birni.

Wanda kuma ya riga ya sayi na fetur, na gida ne ko na gona, ya canja baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 50 zuwa 100, na gona ya fi son a matso da shi saboda ƙura. Soson iska a riƙa wanke shi musamman da hunturu, kar a zuba mai inji yana kunne ko yana da zafi, kuma injin ban ruwa kar a tada shi sai an cika cikin famfon da ruwa in ba haka ba sil ɗinsa zai ƙone cikin 'yan mintuna. In damina ta sauka za a ajiye shi, a tsiyaye tanki da kafireto tas a zubar da ruwan cikin famfon, domin fetur ɗin da ya kwana wata biyar a ciki danƙo yake zama, kuma shi ya sa duk watan Nuwamba za ka ga injinan ban ruwa jere a gaban masu gyara a Kura kowa yana rantsuwa lafiya lau ya ajiye nasa.